Shekara Talatin da Kumfa Ta Cinye

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Mazauna Gida,

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe aka fara cin zarafina a tsakar gidan nan. Ina so a rubuta lokacin yadda na faɗe shi, don na duba agogo. Kai ma kana wurin, Shugaba, amma na lura tun daga ranar kowa ke ba da labarin yadda ya ga dama, har na ji ana cewa wai ni na riƙe jarkar ruwan batir ɗin. Saboda haka ga yadda abin ya faru, daki-daki.

Magudanar ruwan tsakar gida ta toshe kwana huɗu. Ruwan wanke-wanke ya taru har gindin matakala, muna tsaye muna shawarar kiran mai gyaran famfo, sai mutumin ɗaki na bakwai ya sauko yana gyara hula. Shi ne wanda kuke kira Injiniya, ko da yake ban san wanda ya raɗa masa sunan ba, kuma ina zargin shi ya raɗa wa kansa. Ni da wani suna na san shi. Na koyar da shi kimiyya shekara uku a sakandare, benci na ƙarshe, gefen taga. 'Yan ajinsu Na-Taga suke ce masa, domin duk abin da aka faɗa a aji ta nan yake fita.

Ya ce abin kunya ne gidan da ke da masana biyu ya kira mai gyaran famfo. Tela na ɗaki na uku ya tambaye shi su wa da wa. Ya nuna ni, ya nuna ƙirjinsa. Sannan ya ɗaga yatsa sama yadda nake yi a gaban allo, ya ce, "Asid da bes, in sun haɗu, sai gishiri da ruwa. Ko ba haka ba, Malam?"

Na gyaɗa kai. Ban musa ba, na gyaɗa. Jimlar daidai take, kuma malamin da ya shekara talatin da huɗu yana jiran ya ji ta daga benci na ƙarshe ba zai iya hana wuyansa motsi ba. Amma jimlar na gyaɗa wa kai, Shugaba, ita kaɗai. Kafin in kai ƙofata labari ya zaga gida cewa Malam ya amince da aikin.

Don waɗanda ba su zauna a ajina ba, bari in yi bayani a taƙaice. Asid shi ne abin da ke sa lemun tsami ya yi tsami, mai ƙarfinsa kuma shi ne ruwan batirin mota. Bes abokin gabarsa ne, irin ruwan toka da sodar da ake dafa sabulu da ita, mai santsi a hannu. Kowannensu in ya yi ƙarfi ci yake yi. In aka haɗa su daidai wa daida sai su kashe juna, a bar gishiri da ruwa. Daidai wa daida na ce, wato a auna, a kuma gwada. Wannan shi ne rabin darasin na biyu, kuma ranar da na koyar da shi Injiniya yana ƙirga motoci ta taga.

Ya tafi shagon mai cajin batir da ke bakin ƙofar gida ya cika jarka da ruwan batir. Mai Batir mutum ne mai hankali. Ya nuna masa tsohon wandonsa da ke rataye a ƙusa, wanda hujinsa ya fi yadinsa yawa, ya ce masa ya cire wandon audugar da ke jikinsa kafin ya fara, don ruwan nan in ya ɗiga a auduga ba ya nuna komai sai bayan kwana biyu. Injiniya ya ce ruwan batir ya san wanda ya yi karatu.

Ya juye rabin jarka a magudana, yana fantsama wa kansa daga gwiwa zuwa ƙugu. Muka jira. Ba abin da ya motsa sai wari. Ya ce asid a ɓoye yake aiki, kamar maganin tsutsar ciki, a ba shi lokaci. Ni kuwa na ce a nisanta da wurin, na hau sama in yi aski.

Ka san allon marmara da ke manne a bango gefen ƙofata. Ɗalibaina suka sa aka sassaƙa min shi ranar da na ajiye alli, sunana a sama, a ƙasa kuma an rubuta "Shekara 34 Yana Koyarwa". Ba ni da mota, ba ni da gidan kaina, wannan allo shi ne abin da na fito da shi daga aikin gwamnati. Injiniya ya ga sauran rabin jarka a hannunsa, ya ga allon ya ɗan yi duhu, sai ya yanke shawarar yi wa malaminsa kyauta. Ya ɗaura tsumma a sanda.

Maiɗakina ce ta fara jin ƙarar, ta ce wa yake suya a ƙofarmu. Na fito da kumfar aski a rabin fuskata, na tarar da allona yana tafasa daga sama har ƙasa, rabin gida kuma a tsaye a matakala suna kallon kumfa biyu, ta bango da ta fuskata.

"Malam, ka ga kumfa? Dattin shekara takwas ne ke fita."

"Marmarar ce ke fita, Na-Taga."

Bokiti uku na kwarara kafin ta lafa. Da allon ya bushe, sunana na nan da ɗan dishi-dishi, amma inda ya fi dirzawa ya shafe sumul. Lambar uku ta tafi. Tela ya matso ya karanta da ƙarfi, "Shekara 4 Yana Koyarwa", sannan ya juyo ya ce ashe Malam bai daɗe a aikin ba, shi ya sa.

Duk da haka ban ɗaga murya ba. Na zaunar da Injiniya a bencin baranda na yi masa bayani minti goma sha biyar cewa marmara ba ta jure asid, kumfar da ya gani kuma dutsen ne ke narkewa yana fitar da iska. Yana ta cewa haka ne, haka ne. Da na gama ya miƙe da fara'a ya ce ya gane, asid ya yi yawa a gidan nan, abin da ya rage sai a kawo bes. Ban gyaɗa kai ba. Ina so a rubuta wannan ma.

Washegari Laraba na tafi asibiti awon jini, wanda tun Talatar ya hau bai sauko ba. Ina fita ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce wa maiɗakina, "Mama, Malam ya ce a ba ni babbar tukunya." Tukunyar alminiyam ce da ta shigo gidana da ita shekara arba'in da suka wuce, ba ta ba ko ƙanwarta aro. Amma da ta ji Malam ya ce, sai ta miƙa masa.

Ya kai ta tsakar gida, ya zuba ruwa, ya juye sodar sabulu leda biyu, ya hau juyawa da sandar tsintsiya. Duk yaron da ya zauna a benci na gaba a ajina ya san abin da soda ke yi wa alminiyam. Tukunya ta ɗau zafi ba wuta a ƙarƙashinta, ta hau huci, ruwan ya koma toka-toka. Injiniya ya yi ta kiran mutane su zo su ga kumfa, yana cewa wannan ta fi ta jiya aiki. Ya bar ta nan ya tafi cin abinci don ta nuna. Da ya dawo ya kama hannuwanta biyu ya ɗaga zai kai magudana, sai gefen tukunya ya taso, gindinta ya zauna a ƙasa.

Ruwan ya malale tsakar gida. Na faɗa a baya cewa bes santsi gare shi. Tela ya sauko riƙe da kwat ɗin ulu da ya ɗinka wa wani zai kai masa, ya taka mataki na ƙarshe, bai sake tsayawa ba sai a gindin famfo, a zaune. Kai kuma, Shugaba, da zuciya ɗaya ka taho za ka ɗaga shi, ka isa wurinsa da sauri fiye da yadda ka yi niyya. A daidai lokacin na shigo gida. Kai shaida ne cewa ni na tsayar da ku biyu a ƙarƙashin famfo minti ashirin ruwa na kwarara a kanku, kuna ce min ya isa ina cewa bai isa ba, kuma saboda haka ne fatarku take jikinku yau. Kwat ɗin dai bai tsira ba, don soda cin ulu take yi. Hannunsa na hagu ya koma kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda aka kai ƙara. Ba wanda ya hau ɗaki na bakwai. Tela ya rataye kwat ɗin a ƙofata. Maiɗakina ta ɗauko abin da ya rage na tukunyarta ta ɗora a kan teburin karatuna, ta leƙo ni ta cikin ramin, ta ce, "Ɗalibinka ne ko ba ɗalibinka ba ne?" Na ce ɗalibina ne amma, ta ce ba ta tambayi amma ba. Tun ranar a ƙaramar tukunya take girki sau biyu, kuma nawa yana cikin na biyun.

Na hau ɗaki na bakwai da kaina. A ƙofarsa na tarar da kwali an rubuta da manyan baƙaƙe, "Injiniya: Gyaran Magudana da Goge Marmara. Horon Malam na Ɗaki na Biyu." Na ce ya sauke shi.

"Malam, ai girmamawa ce. Ɗalibin kirki ba ya ɓoye malaminsa."

"Wannan malamin yana so a ɓoye shi."

Ya yi dariya ya ce Malam bai canza ba, har yanzu da barkwanci. Sannan ya bayyana min cewa kimiyya ba ta gaza ba, kuskuren tsari ne kawai: asid ya zo Talata, bes ya zo Laraba, ba su taɓa haɗuwa ba. Ranar Asabar zai haɗa su a gaban kowa, a ga gishiri da ruwa da ido, a juye a magudana ta buɗe. Na ce ko da ya samu gishiri da ruwa, me ruwan gishiri zai yi wa magudanar da ta toshe? Ya ce wannan tambaya ce mai kyau, yana alfahari da ni.

Ranar Asabar, sha takwas ga wata, ƙarfe goma na safe, aka fito da bencuna. Ya kafa shuɗiyar durom ta roba a tsakiya, ya jingina kwalin nan nasa a jikinta, jarkar asid a dama, bokitin soda a hagu. Wandon Talata ne a jikinsa, don ya ce shi ne wandon aiki. Da na so in kulle ƙofata in zauna, amma na san in na bar shi wani zai rasa ido. Na buɗe akwatina na ɗauko takardar litmas da na ajiye tun ina aiki. Ƙaramar takarda ce mai launin shunayya. In aka tsoma ta a asid sai ta yi ja, a bes ta yi shuɗi, in kuwa sun kashe juna sai ta zauna yadda take.

Na tambaye shi da me zai auna. Ya ce da ido.

"Idon da ya goge min shekara talatin?"

"Malam, awo na masu koyo ne."

Na sa aka fara cika rabin durom da ruwa zalla, na kuma sa kowa ya ja baya taku biyar. Sai ya juya ya ce wa jama'a, kun gani, tare muke aikin. Ina roƙon kwamiti ya lura cewa ko ceton rai na yi, a kaina yake ƙarewa.

Ya tuttula asid, ya tuttula soda. Tururi ya tashi, durom ta ɗau zafi. Ya ɗaga hannu ya sanar cewa an gama, ga gishiri ga ruwa, har ya naɗe hannun riga zai wanke fuska a ciki don a gani. Na riƙe masa hannu. Na maƙala takarda a tsinke na tsoma, ta fito ja wur. Ya tambaye ni me ja ke nufi, shi da ya shekara uku a ajina. Na ce asid ya yi yawa. Ya ce ƙaramin abu ne, ya juye soda. Na tsoma sabuwar takarda, ta fito shuɗiya. Ya juye asid, ta koma ja. Na ce ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan da cokali. Ya ce cokali na masu shayi ne.

Daga nan abin ya zama kamar kallon ƙwallo. Mai Batir ya koma bayan ja, tunda ruwansa ne. Tela ya ce shi ya ɗanɗana hannun soda, ya san ƙarfinta, yana bayan shuɗi. Matan sama suka fito baranda suka rabu gida biyu, kowace takarda na ɗaga sai a ji shewa daga ɓangare ɗaya. Kai ma, Shugaba, na ji muryarka a cikin masu shuɗi, ban dai so in ambata ba. Sau tara launi ya juya, na rubuta a bayan ambulan. Durom ta cika har baki, cikinta ya fara kumbura saboda zafi, Injiniya kuma gumi ya jiƙa masa hula, yana ta cewa saura kaɗan, takardar Malam ce ta tsufa.

A karo na goma ya tsuguna zai ɗago jarka. Ko ƙarar kirki wandon bai yi ba. Ya dai rabu ne a hankali daga ƙugu har gwiwa, kamar busasshen ganye, duk inda ruwan Talata ya taɓa ya zube ƙasa gutsi-gutsi. Mai Batir ne ya fara magana, ya ce, "Ashe ruwan bai ji labarin karatun ba."

Injiniya ya waiga neman abin rufa asiri, hannunsa ya faɗa kan kwalinsa. Ya kare bayansa da shi ya nufi matakala da sauri. Haka ya hau mataki ashirin da biyu, gida gaba ɗaya yana karanta abin da ke rubuce a mazaunansa: "Horon Malam na Ɗaki na Biyu." Da ya kai sama ya leƙo ya ce, shi dai yadda aka koya musu ya yi.

Ana cikin dariya maiɗakina ta sauko. Ta zo da wayar ƙarfen da aka rataye kwat ɗin Tela da ita, ta miƙar da ita, ta lanƙwasa bakinta, ta zura a magudana. Ja biyu ta yi. Ta fito da silifa na roba, kore, ƙafar hagu. Ruwan kwana takwas ya yi gurnani ya wuce. Kowa ya gane silifan, domin mako biyu Injiniya ya yi yana bin ɗakuna yana cewa gidan nan akwai ɓarayin takalmi ɗaya. Roba kuwa asid bai ci ta ba, soda ba ta ci ta ba. Ya fito ya fi yadda ya shiga tsabta. Wannan ne kaɗai abin da aikin Injiniya ya wanke a mako guda.

Kowa ya watse aka bar ni da durom cike da guba. Na rage ta a bokitan roba, na zauna da cokali ina ɗiga asid ina juyawa ina gwadawa. Sa'a ɗaya da minti arba'in na yi kafin takarda ta shiga ta fito da launinta. Gishiri da ruwa, Shugaba, yadda littafi ya ce. Na ɗaga takardar in nuna, ba kowa a tsakar gida sai kyanwar Tela.

Yau kwana tara ke nan. A shagon Mai Batir Malam Kumfa ake ce min, a bayan idona da gaban idona. Nas ɗin ɗaki na biyar in ta hango ni sai ta janye bokitinta ciki. Shekaranjiya wani baƙo ya tsaya ya karanta allon ƙofata, ya ce min kada in damu, koyarwa ba ta kowa ba ce.

Na binciko littafin makin ajinsu, yana nan ban yar ba. A jarrabawar asid da bes Na-Taga ya ci goma sha ɗaya cikin ɗari. Na tuna biyu daga ciki na tausayi ne, don ya rubuta kwanan wata daidai. Na janye su. Tara ya ci.

Ba na neman a kore shi daga gida. Yaron kirki ne ta wani fannin, yana ɗaukar wa maiɗakina kaya in ta dawo kasuwa, abin da ya sa har ta fara cewa in bar maganar, ita da aka cinye wa tukunya. Ba zan bari ba. Ina neman a kira mai sassaƙa ya mayar min da lambar uku, a kuma ƙona kwalin nan in an gama amfani da shi. Sannan ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe goma na safe, a fito da bencuna yadda aka fito da su wancan karon, matan sama su fito baranda, masu ja da masu shuɗi. Injiniya ya tsaya a bakin magudana, cikin wando mai lafiya, ya ba ni haƙuri da ƙarfi yadda na sama za su ji. Ya faɗa da bakinsa cewa Malam bai aike shi ba, bai ce a ba shi tukunya ba, kuma darasin yana da rabi na biyu wanda ya bi ta taga. Na rubuta masa rabin a takarda da manyan baƙaƙe, jimla ɗaya ce: a auna, a gwada, sannan a buɗe baki.

In ya karanta ba kuskure zan gyaɗa kai sau ɗaya. Ina so sakataren kwamiti ya zauna kusa da ni da biro, ya rubuta a fili abin da na gyaɗa wa kan.

Naku,
Malam na ɗaki na biyu, shekara talatin da huɗu yana koyarwa.